An hana ni faɗa wa Baba cewa ciwon daji ne

Assalamu alaikum Anti. Ni ce babbar 'ya mace a gidanmu, ina aure a Zariya, na ɗauko Baba daga Funtuwa ina jinyarsa a wurina. Ya daɗe yana fama da ciki, ana cewa olsa ce, ana sayo masa magani a kemis. Sai da ya fara rama da amai aka kai shi asibiti, aka zura masa na'ura ta baki aka ɗebo nama aka gwada. Ciwon daji ne a tumbinsa, kuma ya kai ga hanta. Likita ya ce tiyata ba za ta yi amfani ba, sai kemo, wato maganin daji mai ƙarfi da ake ƙarawa ta jijiya, don a rage wa ciwon gudu.

Yayanmu da Baffa sun ce kada wanda ya faɗa masa, wai zai karaya. Shi kuma kullum yana tambayata wane irin ruwa ne ake ƙara masa da yake kayar da shi haka. Ga rashin cin abinci: in tuƙa tuwo da miyar da yake so, loma biyu ya ture kwano, in yi ta roƙonsa har mu ɓata. Yanzu kuma Baffa ya kawo jiƙo, yana cewa a bar kemo. Anti, ya zan yi?

'Yarki, daga Zariya

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba sauƙi, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Zan fara da maganar ɓoyewa, don ita ce ta fi nauyi. Yayanki da Baffa tausayi ne ya sa su, amma ban goyi bayansu ba. Dattijon da ake ƙara wa kemo, yana kallon jikinsa yana zubewa, ya riga ya san ba olsa ba ce. Tambayar da yake miki alama ce ta yana neman wanda zai gaya masa gaskiya. Ga kuma haƙƙinsa: jikinsa ne ake sa wa magani mai wahala, shi ya kamata ya ce a ci gaba ko a dakata. Wataƙila akwai bashi a kansa, ko amanar wani a hannunsa, ko wasiyya, ko ɗan'uwan da yake so su yafi juna. In kun yi shiru har ƙarfinsa ya ƙare, kun hana shi wannan damar.

Ban ce ki je ki sauke masa labarin ke kaɗai ba. Ki ja Yaya gefe, cikin ladabi, ki roƙe shi ya biyo ku asibiti ranar ganin likita. A tambayi Baba a gaban Yaya: “Baba, kana so likita ya yi maka bayani duka, ko ka fi so a bar mana?” In ya ce a bar muku, shi ke nan, zaɓinsa ne. In ya ce yana so ya ji, likita ya faɗa masa sannu a hankali, kuna kusa da shi.

Batun abinci, ki daina roƙon. Ba raina girkinki yake ba. Ciwon ya cinye wuri a tumbinsa, ɗan abu kaɗan sai ya ji ya cika, kuma cutar kanta tana kashe sha'awar abinci tana narkar da jiki ko da mutum yana ci. Ki ajiye babban kwano, ki koma ƙaramin kofi sau shida zuwa takwas a yini: kunun gyaɗa da madara, alale mai laushi, dafaffen ƙwai, faten dankali, romon kaza, ayaba. Ɗan man shanu a ciki yana ƙara masa ƙarfi ba tare da ya cika ciki ba. Ruwa ya riƙa kurɓa tsakanin abinci, ba tare da shi ba, kuma ya zauna a jingine kamar rabin awa kafin ya kwanta. Nonon da ba a tafasa ba kada a ba shi, don kemo tana raunana garkuwar jiki. In amai ya hana komai zama, ki sanar da likita, akwai magani, wani lokacin ma ana sa ɗan bututu a buɗe inda ya toshe.

Abu uku ba a jira gari ya waye a kansu: zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni, aman jini, da baƙin bayan gida kamar kwalta. Kada a ba shi magungunan ciwo irin su ibuprofen ko diclofenac, suna iya jawo zubar jini a ciki. In ciwo ya tsananta, ki nemi a haɗa ku da masu kula da sauƙaƙa raɗaɗi. Mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, in likita ya rubuta shi magani ne, ba shaye-shaye ba, kuma barin dattijo yana murƙususu ba haƙuri ba ne.

Jiƙon Baffa kuwa, hantar da ciwo ya taɓa, ga kemo, ba ta da ƙarfin ɗaukar sassaƙen da ba a san abin da ke cikinsa ba. Ki nuna wa likita kafin a ba shi ko cokali ɗaya. Shi Baffa so yake ya ji yana taimakon ɗan'uwansa, to a ba shi abin yi: ya riƙa zuwa yana masa addu'a da tofi, ya jagoranci tara kuɗin magani a dangi.

Ke ma ki raba kwana da 'yan'uwanki, ki samu barci. Sannan ku 'ya'yansa ku tambayi likita gwajin ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda tun 1994 aka sa ta cikin abubuwan da ke haddasa dajin tumbi. Tana yawo tsakanin 'yan gida ɗaya, kuma maganin mako biyu yakan kashe ta.

Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita, in ji abin da Baba ya zaɓa.

Antinku