Su wa ke zuwa asibitin maganin gargajiya na Sin, kuma da wane ciwo?

Tambaya: Ina zuwa Guangzhou saro kaya, kuma na lura asibitocin maganin gargajiya na can ba sa rabuwa da layi. Wane irin ciwo ne ke kai mutane wurin? Mahaifiyata na fama da ciwon gwiwa shekara da shekaru, kuma tana shan maganin hawan jini. Ko zai yi mata amfani?

Amsa: Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Yawancin waɗanda ka gani a layin nan masu ciwon da ya daɗe ne, irin wanda ba ya kwantar da mutum amma ba ya barinsa ya sake. Mai zazzaɓi mai zafi ko wanda ya yi hatsari, asibitin zamani ake kai shi, ko a Sin ɗin.

Taiwan ce ta fi ba da hoto bayyananne, domin inshorar lafiyarta ta gwamnati tana biyan kuɗin wannan magani tun tsakiyar shekarun 1990, don haka ana rubuta kowace ziyara. Bayanan sun nuna mata sun fi maza zuwa. Abin da ya fi kai su shi ne mura da tarin da ya ƙi jin magani, ciwon baya da wuya da gaɓoɓi, targaɗe, kumburin ciki, rashin barci, da rikicewar al'ada ko ciwon mara. Kuma galibinsu maganin sha ake ba su, masu karɓar allurar Sin da ake tsirawa a wurare daban-daban na jiki (acupuncture) kaɗan ne. A Turai da Amurka kuwa allurar ce ta fi tashe, kuma ciwon jiki ne ke kai mutane. Akwai kuma masu murmurewa daga shanyewar ɓarin jiki, da masu sankara da ke neman sauƙin tashin zuciya, amma waɗannan ƙari ne a kan maganin likita.

In aka shiga, likitan zai duba harshe, ya danna jijiyar wuyan hannu da yatsu uku a kowane hannu, ya yi tambaya kan barci da gumi da bayan gida. Daga nan ko dai ya rubuta haɗin itatuwa da ake dafawa a sha safe da yamma, ko ya tsira allurai, ko tausa, ko ƙaho. Ƙahon nasu da kofin gilashi ake yi, kuma sau da yawa ba a tsaga fata kamar yadda wanzamanmu ke yi.

A kan gwiwar Hajiya, allurar ce ta fi cancanta a gwada. Siririya ce ƙwarai, ba ta ɗauke da wani ruwan magani, ana barinta a jiki minti 20 zuwa 30. Tun 2007 inshorar gwamnati a Jamus ke biyan kuɗinta ga ciwon ƙugu da ciwon gwiwa masu daɗewa. A Amurka, shirin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, ya amince da ita ga ciwon ƙugu a 2020, zama 12 cikin kwana 90, a ƙara 8 idan an ga sauƙi, in ba a gani ba a dakata. Wannan ma'auni ne mai kyau gare ku: ba ta mayar da guringuntsin da ya zaizaye, zafi kawai take ragewa, kuma ba ga kowa ba. A tabbatar an ɓare sabuwar allura a gabanku, saboda ciwon hanta. Wanda bai ƙware ba kuma, in ya zurfafa allura a ƙirji ko saman baya, yana iya huda huhu.

Maganin sha ne ya fi damuna. Saiwar gancao, mai zaƙin nan da ke cikin haɗe-haɗensu da yawa, tana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya ƙara hawa. Tsiron mahuang yana tayar da bugun zuciya, shi ya sa Amurka ta hana sayar da shi a matsayin ƙarin abinci a 2004. Saiwoyin danshen da danggui suna ƙara wa warfarin, maganin tsinka jini, ƙarfi, har mai shansa ya yi ta zubar jini. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace bayan shan maganin rage ƙiba mai ɗauke da itatuwan Sin da aka yi kuskuren saka wani tsiro mai guba a cikinsa, maimakon wani mai suna kusan iri ɗaya.

Saboda haka kada ka sayo mata ƙunshi ko kwalba ka kawo gida ba tare da an duba ta ba. In za ta je, ta tafi da hoton ƙashin gwiwar da kwalayen duk magungunan da take sha, a nemi likitan ya rubuta sunan kowane tsiro, a nuna wa likitanta na hawan jini kafin ta kurɓa. Idan kuma gwiwar ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, a wuce da ita asibitin zamani a ranar, domin ƙwayar cuta na iya shiga gaɓar.