Yadda ake tantance 'yan juri a kotunan Amurka

Malam, ka tambaya yadda za a ɗauko mutum goma sha biyu daga gari, wato 'yan juri, a ba su ikon cewa wane mai laifi ne, alhali a gida alƙali ke yin wannan shi kaɗai. Kafin a zaunar da su sai an yi musu tambayoyi.

Ana ɗebo sunaye daga rajistar masu zaɓe da ta lasisin tuƙi, a aika wa mutum sammaci. Mu Hausawa da muka samu takardar zama ɗan ƙasa yana zuwa mana, mai katin zama kuwa ba ya ciki. A kotu za a rantsar da kai, sannan alƙali ko lauyoyi su soma tambaya. A kotun tarayya galibi alƙali ke yi.

Lauyan da ya san aikinsa ba ya cewa "za ka yi adalci?", don kowa "eh" zai ce. Sai ya ce: "Wa ke ganin ɗan sanda ba zai yi ƙarya a gaban kotu ba?" Ko: "In wanda ake tuhuma ya ƙi yin magana, me zai zo maka a rai?" Ko kuma: "An taɓa yi wa wani naka fashi?" In mutum ɗaya ya buɗe baki, sai lauya ya juya ga sauran: wa ke da ra'ayi irin nasa? Nan hannuwa ke tashi.

Wanda ya nuna ya riga ya yanke hukunci a ransa, alƙali zai sallame shi, ko su nawa ne. Akwai kuma cirewa ba tare da faɗin dalili ba, wadda a manyan laifuka na tarayya ɓangaren wanda ake tuhuma ke da 10, gwamnati 6. Nan ɓarnar take. Kotun Ƙoli ta hana cire mutum saboda launin fata a shari'ar Batson ta 1986, amma ƙirƙiro wani dalili ba wuya. A shari'o'i shida da aka yi wa Curtis Flowers, wani baƙar fata da aka tuhuma da kisan kai a jihar Misisipi, mai gabatar da ƙara ya cire baƙar fata 41 cikin 42, har Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin a 2019. Jihar Arizona ma ta soke wannan cirewar gaba ɗaya tun 2022.

Abin da muke gaya wa namu, musamman dattawa masu kunyar magana gaban alƙali: kada ka ɓoye abin da ke ranka. In kana da damuwa da hukuncin kisa, ko Turancin lauyoyi na maka nauyi, faɗa, ko ka nemi ka matsa kusa da alƙali ka gaya masa a asirce. Ɓoyewa na iya sa a rushe shari'ar daga baya.