Me ya sa saƙon na'urorin auna danshi ke ɓacewa a hanya?

Ka ce bayanan na'urorinka na auna danshin ƙasa rabi da rabi suke isowa, kana tambayar ko TCP, tsarin da intanet ke amfani da shi don tabbatar saƙo ya isa, zai magance. Malam, ba zai yi maka ba. Shi duk saƙon da ya ɓace, ɗauka yake cunkoso ne sai ya rage gudu, alhali a gona yawanci rediyon ne ya gaza: ganye ya jiƙe, batir ya yi sanyi, ko na'urori biyu sun yi magana lokaci guda.

Lissafa da kanka. A ce kowace na'ura tana isar wa maƙwabciyarta saƙo 9 cikin 10. Idan saƙon zai bi hannu 10 kafin ya kai babbar tasha, kusan 35 cikin 100 kaɗai ke isa. Don haka a nemo abin da ya ɓace tun a kowane zango, kada a jira ƙarshe. Fara da kunna amsar "na karɓa" ta IEEE 802.15.4 (ƙa'idar rediyon ƙananan na'urori irin waɗannan), wadda a tsarinta na asali take sake aikawa har sau 3.

PSFQ, wani tsarin isar da saƙo tsakanin irin waɗannan na'urori da ya fito a 2002, dabararsa na burge ni: a aika a hankali, kowane saƙo da lambarsa. Na'urar da ta ga 7 bayan 5 sai ta yi maza ta roƙi 6 wurin maƙwabta. Amma ka kula, in saƙon ƙarshe ne ya ɓace babu giɓin da za ta gani, dole a sanar da ita jimillarsu.

Awon danshi ɗaya in ya ɓace, bar shi, na gaba na tafe, kada ka ƙona batir a kansa. Sabunta manhajar na'ura ne ke buƙatar kowane gutsure ya iso.