Ganin Dolfin a Zanzibar ga Wanda Bai Iya Ruwa Ba

Malam, ka tambaya ko wanda bai iya ruwa ba zai iya fita ganin dolfin, dabbar teku mai kama da babban kifi, idan ya kai iyalinsa hutu Zanzibar. Zai iya, domin daga cikin kwale-kwale ma ana ganinsu sarai, muddin kowa ya sanya rigar kariya daga nutsewa kafin a bar gaɓa.

Wurin da aka fi zuwa shi ne Kizimkazi, ƙauyen masunta a kudancin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, a yankin Menai da aka keɓe a 1997 don kare halittun teku. Ku yi sammako, domin da sassafe ruwa ya fi kwanciya, kuma a lokacin ne za ku ga bayan dolfin ɗin yana ɓullowa bi da bi, har ku ji hucin numfashinsu, kasancewar dolfin ba kifi ba ne, iska yake shaƙa, uwar kuma tana shayar da ɗanta nono.

Abin da ba na so shi ne yadda wasu matuƙa ke bin garken a guje, saboda haka ka shaida wa naka tun a gaɓa ya rage gudu, ya tsaya daga nesa. Afrilu da Mayu kuwa watannin ruwan sama ne mai yawa, gara a kauce musu.