Tsohon Babur Ɗin Baba: In Sayar Ko In Gyara?

Tambaya: Malam, na gaji Yamaha TY175 daga mahaifina, shekara goma yana jingine a zaure. Makaniki ya ce kujerarsa ba ta ɗaukar fasinja, gara in sayar. Me ka gani? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, kada ka sayar. Ba don kabu-kabu aka ƙera shi ba. Babur ne na wasan hawan duwatsu, inda ake tafiya a tsaye, sannu a hankali, duk wanda ya sa ƙafa ƙasa a rubuta masa laifi. Tun wajen 1975 Yamaha ta fito da shi, kuma ba shi da nauyi.

Fara wanke tanki da kafireta, ka canza fulogi. Sannan ka duba famfon man 2T (man da ke shiga injin tare da fetur) da kyau, domin mutane da yawa sun cire shi. In babu, dole ka gauraya man da fetur, in ba haka ba injin zai ƙone. Wannan ne ya fi damuna.

Ni nawa, gindin dutsen Kufena nake kai shi da safe, in rage iskar taya don ta kama dutse. Ka sa hular kwano, ka fara da ƙananan duwatsu.