Me ya sa aka naɗa wa jaririna abu mai jar wuta?

Tambaya: Likita, shekaranjiya na haihu a wani asibiti nan Kaduna. Kafin a sallame mu, nas ta naɗa wa yaron wani ɗan abu mai jar wuta a hannu da ƙafa, wai zuciyarsa take dubawa. Shi kuwa lafiyarsa ƙalau, yana kama nono. Surukata ta ce neman kuɗi ne kawai. Ina gaskiyar take? Daga mai jego, Tudun Wada.

Amsa: Barka da sauka lafiya, Allah ya raya. Ki gaishe min da Mama, amma wannan karon nas ce da gaskiya.

Na'urar tana auna yawan iskar oksijin a jinin yaro, babu allura, babu zafi, domin ƙarancinta na iya nuna matsalar zuciya. Kusan jariri 1 cikin 100 ana haifarsa da matsalar zuciya, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan sai an yi musu aiki kafin su shekara. Abin da ke ruɗin iyaye shi ne irin wannan yaron yakan fito garau. Akwai wata 'yar jijiya da ɗan tayi ke amfani da ita a ciki, ita ke rufa masa asiri. Cikin kwanakin farko sai ta rufe, yaron da aka kai gida ana murna ya rikice tun kafin suna. Ga shi fatarmu ba ta saurin nuna shuɗin da ƙarancin oksijin ke kawowa, har mu likitoci ido yakan yaudare mu.

Ana gwajin ne bayan awa 24 da haihuwa, a hannun dama da ƙafa guda. In ya nuna kashi 95 cikin 100 zuwa sama, kuma tazarar hannu da ƙafa ba ta wuce 3 ba, alhamdu lillahi. Tsakanin 90 da 94 a sake bayan awa ɗaya. Ƙasa da 90 kuwa likita zai duba shi nan take, wataƙila a tura ku hoton zuciya a babban asibiti irin na Shika. Wani lokacin ma ba zuciyar ba ce, ciwon huhu ne ko cuta ta shiga jini.

Sai dai ba kowace matsala gwajin yake kamawa ba, ƙaramin rami a zuciya yakan wuce shi. Saboda haka ki riƙa leƙa harshensa da dasashinsa da rana. In kin ga duhu, ko yana haki, ko gumi na keto masa yana shan nono, ki kai shi asibiti a ranar, kada ki tsaya jiƙa masa komai.