Horon aiki a gidan adana kayan fasaha: amsa ga wata ɗaliba 'yar Tudun Wada da ke Amurka

A cikin wasiƙun da suka iso mini nan Samaru a makon nan akwai ta wata ɗaliba 'yar Tudun Wadar Zariya, wadda ta yi digirinta na farko a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, yanzu kuma tana digiri na biyu kan tarihin fasaha a wata jami'a ta Amurka. Ga abin da ta rubuta, a taƙaice:

"Baba, ina gaisuwa da fatan alheri. Watana tara ke nan da zuwa da bizar karatu ta F-1. Wani ƙaramin gidan adana kayan fasaha da ke garin da nake ya ɗauke ni horon sanin makamar aiki na wata uku a dogon hutun da ke tafe, amma ba za a biya ni ko sisi ba, kuma wata ƙawata ta ce tunda babu albashi, ba na bukatar wata takarda. Mahaifina bai amince ba, ya ce bai tura ni ƙetare don in zama mai gadin gumaka ba, gara in dawo gida hutu. Sannan matar da za ta kula da ni ta ga hoton rigar kakana mai aska takwas, ta tambaya ko za a iya kawo ta a nuna wa jama'a. Ina zan sa kaina?"

'Yata, na amsa gaisuwarki, Allah ya ba da sa'ar karatu. Zan fara da maganar ƙawarki, domin a cikin abubuwa ukun da kika kawo ita ce kaɗai wadda in aka yi kuskure a kanta gyara yake wuya. Ƙawarki ba ta yi miki daidai ba, ko da yake na san da kyakkyawar niyya ta faɗa. Hukumar shige da fice ta Amurka ba albashi kaɗai take dubawa ba idan tana son ta san ko ɗalibi ya yi aiki, tana duba irin abin da ya yi da kuma ko wurin ya amfana da guminsa. Wanda ya je raba abinci ga mabukata ranar Asabar don neman lada, wannan aikin sa kai ne. Wadda kuwa aka ba ta teburi da kwamfuta da lokacin shiga da na tashi, tana shigar da bayanan kaya a rajistar gidan, tana koyon sana'ar da take karantawa, ba a sa ta a layi ɗaya da shi, ko an biya ta ko ba a biya ta ba. Shi ya sa jami'o'i da yawa suke gargaɗin ɗalibansu baƙi da su nemi izinin da ake kira CPT, wato izinin horon aiki da ke cikin tsarin karatu, kafin su fara irin wannan horo.

Izinin nan ba daga ofishin jakadanci yake fitowa ba, daga jami'arki yake fitowa, ta hannun jami'in da ke kula da takardun ɗalibai 'yan ƙasashen waje. Sharaɗinsa na farko shi ne ɗalibi ya cika shekarar karatu guda, sai fa idan tsarin digirinsa na biyu ya wajabta fara horo tun da wuri, kuma ke da kika yi zango biyu kina bakin cika wannan sharaɗi. Na biyu shi ne horon ya kasance ɓangare na karatun, wato ko dai sashenku ya wajabta shi, ko ki yi rajistarsa a matsayin darasin da za a ba ki maki a kai, kamar dai yadda ɗalibanmu na nan suke fita IT su dawo da littafin da aka sa musu hannu. Ki karɓo wasiƙa daga gidan mai ɗauke da sunansa da adireshinsa, da ranar farawa da ta gamawa, da yawan sa'o'i a mako, da bayanin aikin da za ki yi. Ki kai wa malamin da ke duba karatunki ya amince, sannan ki miƙa wa ofishin, su fitar miki da sabuwar takardar I-20, wato takardar shaidar ɗalibta da jami'a take bayarwa, wadda aka rubuta sunan gidan da ranakun a jikinta. Kada ki taka ƙafa wurin da sunan aiki, ko na yini ɗaya ne, sai takardar nan ta zo hannunki kuma ranar da aka rubuta ta yi. Na san wani yaro da zumuɗi ya sa ya fara mako guda kafin ranarsa, don kawai maigidansa ya ce ya zo ya saba da wuri, kuma wannan makon ne ya dawo ya zame masa ƙarfen ƙafa lokacin da ya tashi neman izinin aiki bayan kammala karatu.

Akwai wani lissafi da ya kamata ki riƙe tun yanzu. Idan horon bai wuce sa'a 20 a mako ba, na rabin lokaci ne. Idan ya wuce, cikakke ne. Duk wanda ya tara wata 12 na cikakken CPT ya rasa damar OPT, wato izinin aiki na wata 12 da ake nema bayan kammalawa da fom I-765. Wata uku ba za su taɓa miki komai ba, amma kada daɗin wuri ya sa ki yi ta ƙarawa ba tare da ƙirga ba, musamman da yake ƙarin wata 24 da ake ba masu kimiyya da injiniyanci ba ya shafar tarihin fasaha. Masu karatu da ke wasu ƙasashe kuma kada su ɗauki wannan su ɗora a kansu. A Ingila mai bizar ɗalibi a matakin digiri sa'a 20 yake da ita a mako lokacin karatu, kuma aikin da ba a biya yana iya shiga cikin lissafin. A Jamus kwana 140 ne cikakku a shekara, kuma horon da jami'a ta wajabta ba ya cin komai daga ciki. A Faransa ba a fara horo sai da yarjejeniyar da ɗalibi da makaranta da wurin aiki suka sa wa hannu, kuma idan ya wuce wata biyu doka ta tilasta a biya.

Batun rashin biya kuwa, ni ban ga dalilin da zai sa ki karɓe shi kamar hukuncin alƙali ba. Tun 2019 ƙungiyar daraktocin gidajen fasaha ta can ta yi kira ga mambobinta da su daina ɗaukar ɗalibai kyauta, kuma a 2020 gidan Metropolitan na birnin New York ya sami kyautar dala miliyan 5 daga wata attajira mai suna Adrienne Arsht don ya riƙa biyan masu horo. Ƙananan gidaje ba su da irin wannan aljihu, gaskiya ne, amma tambaya ba ta zama laifi: ki nemi kuɗin mota da na abincin rana, ki kuma bincika a sashenku ko akwai tallafin da ake ba ɗaliban da suka sami horon da ba a biya, domin jami'o'i da dama suna da shi kuma masu jin kunya ne suke rasa shi. Ki zauna da biro ki lissafa kuɗin haya da na abinci na wata ukun nan kafin ki ce to.

Yanzu ga mahaifinki. Kada ki ɗauki maganarsa a matsayin rashin wayewa, domin mutumin da ya ji an ce gidan fasaha, abin da zai zo masa a rai shi ne mutum-mutumi tsirara a tsakiyar zaure, kuma ba ƙarya ba ne akwai su. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, fatawa ba tawa ba ce, ki nemi malamin da mahaifinki ya yarda da shi ki faɗa masa ainihin abin da hannunki zai taɓa. Abin da zan iya gaya miki shi ne gidajen nan sassa-sassa ne, kuma mai horo tana da bakin da za ta roƙi a sa ta sashen tufafi da saƙa, ko na rubuce-rubucen hannu, ko na tukwane, ko na koyar da yaran makaranta. Ki sa a rubuta sashen a cikin wasiƙar da na ambata, ki aiko masa da ita ta hannun baffanki ko gwaggonki da yake jin nauyinta, maimakon ki yi ta ja-in-ja da shi a waya. Ki kuma tuna masa da abin da yake gani kullum bai kira shi fasaha ba: bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni, aikin Babban Gwani Mikaila tun ƙarni na 19, wanda masana gine-gine suke zuwa daga nesa su kalla, da hoton Ladi Kwali da ke bayan naira ashirin ɗin da ke aljihunsa, macen da tukwanenta suka shiga manyan gidajen fasaha na Ingila da Amurka, kuma jami'ar nan tamu ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Sashen da kika fito ma ba ƙaramin gida ba ne, a nan Zariya ne masu zane su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai a 1958, kuma duk wanda ya karanta fasahar Afirka ta zamani a can ya san sunan garinku.

Idan kuma ya dage sai kin zo, to a duba fasfo kafin a sayi tikiti. A watan Yulin 2025 Amurka ta sanar cewa yawancin bizar da ba ta zama ba da za a ba 'yan Najeriya ta koma ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, kuma dokokin nan sai sauyawa suke yi. Ɗaliba tana iya zama a ciki lafiya muddin takardar I-20 ɗinta tana aiki, amma da zarar ta fita, komawa sai da biza mai rai. Wannan ma hujja ce da uba mai son 'yarsa ta gama karatu zai saurara.

Sai rigar kakanki, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Na san irinta: tana ƙasan adaka a naɗe cikin tsohon zane, tana ƙamshin kafur, asake takwas sun gangaro daga wuya zuwa bakin aljihu, ga tambari a ƙirjin dama da wani a baya, zaren tsamiya ya ɗan dushe amma ɗinkin bai saki ko ɗaya ba. Ba abin da za a cusa a akwati tsakanin kilishi da daddawa ba ne. Da farko dai gado ce, ba taki ke kaɗai ba, kuma ba ta mahaifinki shi kaɗai ba idan yana da 'yan'uwa, don haka sai magada sun yarda. Na biyu, dokar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, haka ma wanda yake da daraja ta tarihi kuma aka yi amfani da shi a bukin gargajiya, kuma ba a fita da irinsu sai da izininta. Ko rigar ba ta kai waɗannan shekaru ba, a kai ta gidan tarihi na Kaduna su duba su ba da takarda, don kada a tsayar da mai ɗauke da ita a filin jirgi. Gidan da ke can ma, idan na kirki ne, ba zai karɓi abu daga hannun ɗaliba haka kawai ba, sai da yarjejeniyar aro da inshora da ranar mayarwa, ballantana yanzu da idon duniya yake kan asalin kayan Afirka, tun bayan da Jamus da gidan Smithsonian na Amurka da gidan Horniman na Landan suka miƙa wa Najeriya mallakar kayan tarihin masarautar Benin a 2022.

Shawarata ita ce rigar ta yi zamanta a Tudun Wada a bana, ke kuma ki kai musu abin da ya fi rigar wahalar samu. Ki nemi a buɗe miki ɗakin ajiya ki ga abin da suke da shi daga ƙasar Hausa. Za ki sa safar hannu, a jawo miki faffaɗan durowa, ki tarar da riga ko allo ko zabira an lanƙaya mata ƙaramin kati da aka rubuta Afirka ta Yamma, mai yi ba a san shi ba, shi ke nan bayanin. Ke kuwa kin san bambancin aska biyu da aska takwas, kin san mai zana fasalin daban, mai ɗinkin daban, mabugin da ya fito da ƙyallin daban, kuma idan kin yi makarantar allo za ki iya karanta ajamin da su suke ɗauka Larabci ne. Ki roƙi a ba ki aikin gyara waɗannan bayanai da sunanki a kai, domin shi za ki nuna idan kin tashi neman aiki, ko a can ko a Gidan Makama na Kano ko a gidan tarihi na Jos.

Kafin nan, ki sa ƙaninki ya fito da rigar da hantsi, ya shimfiɗa ta a kan farin zane a inuwa, ya ɗauki gaba da baya da cikin aljihu da bakin wuya, ya auna faɗinta da tsawonta da tef ɗin tela. Sannan ki roƙi mahaifinki, shi da kansa, ya ba ki labarinta a saƙon murya: wa ya ɗinka, a wace unguwa, wace Sallah kakanki ya fara sa ta, kuma wa ya sa ta bayansa. Idan za a mayar da ita adaka, a sauya wurin ninkin, kada a bi tsohon layi.